Shekarar da Shamuwa Ta Yar da Ɗanta

Yau kwana goma sha tara rabonmu da ruwa a Farin Dutse. Gero ya fito ya kai tsawon tafin hannu, ya tsaya yana murɗe ganye, in rana ta take sai ka ga gonar ta yi fari kamar an watsa mata toka. Da la'asar mazan unguwa sukan taru a gindin bishiyar ƙofar gidan ɗana, su ɗaga kai suna kallon sheƙar shamuwa, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Rabinsu ba su san bambancin shamuwa da balbela ba in ba don launi ba, amma in ka ji suna magana sai ka rantse tare suka taso da ita daga kudu. Ni ina zaure ina kaɗin auduga, ba na sa musu baki. Sun ɗauka tsufa ne ya sa na yi shiru.

Yaran nan ba su san fari ba, Allah kada ya nuna musu. A nan akwai fadama, rijiya ba ta ƙafewa, rumbunmu ma da sauran dawar bara a ciki. In ruwa ya ɗauke na kwana ashirin sai su ce duniya ta tashi. Ni kuwa wannan iskar mai zafi da ke busowa da rana, da ƙaurin busasshiyar ƙasa, wata damina suke tuna mini, tun kafin a haifi iyayen waɗansunsu.

Ina da shekara goma ko sha ɗaya lokacin. Muna zaune a wani ɗan ƙauye mai gida bakwai a gefen Surko, ƙasar Birnin Kudu. Mu huɗu ne a gidanmu: Baba, Inna, ni, sai ƙanwata Asabe da ba a daɗe da yaye ta ba. Tsakanina da ita Inna ta haifi uku, duk sun koma, don haka Asabe ta zama 'yar lelen kowa. Yarinya ce mai kumatu da son dariya, ko tsawa ka yi mata sai ta ɗauka wasa ne.

Baba manomi ne, amma abin da aka san shi da shi daban ne. A tsakar gidanmu akwai wata tsohuwar tsamiya da shamuwa ke sauka duk ƙarshen bazara, tun zamanin kakana. Daga kakan nawa Baba ya gaji duban shamuwa, har mutane ke zuwa daga ƙauyuka su tambaye shi ko a yi shuka ko a dakata. Yakan ce, "Ruwa na Allah ne, ba na tsuntsu ba. Amma Allah ya sanar da ita abin da bai sanar da mu ba." Yana duba lokacin zuwanta, da reshen da ta yi sheƙa, da yawan 'ya'yan da ta ƙyanƙyashe. Abin da ya fi duka girma a wurinsa shi ne ɗan da ya faɗo ƙasa. In iska ce ta yar da shi, to amana ce a wuyan masu gida, sai a ɗauka a raina. In kuwa uwar ce ta jefo shi da bakinta, ba a taɓa shi. Ta ga shekarar da ba za ta iya ciyar da su ba, ta fara ragewa, mai hankali sai ya ɗaura kayansa.

Sai dai a wancan lokacin idon Baba ya fara yin yana. Yana ganin hanya, yana ganin kunyar gona, amma abin da ke saman bishiya ya fi ƙarfinsa. Ni ce idonsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana, sai dai ya ce, "Uwata, hau rumbu ki leƙo mini." In haye kan jinkar rumbu in miƙa wuya in ƙirga masa. Ina jin kaina ƙwarai da wannan aikin, har ina yi wa sa'o'ina ɗagawa a bakin rijiya.

Kakar da ta gabata ba ta yi kyau ba, fara ta cinye mana rabin gona, don haka da ɗan abin da ke rumbu muka shiga bazara. Shamuwa ta zo a kan lokacinta. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fita da sungumi. Shuka ta fito kore shar, har an fara noman farko, sai sama ta kulle. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta taso ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa sau uku, maza suka juya rigunansu, mu yara muka yi ta kuka, kukan gaske kuwa, don yunwa muke ji. Cikin wata guda shukar ta ƙone, in ka murza ganyen sai ya zama gari a hannunka.

A gida tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kunu, kunun ma ya koma ruwan dusa. Baba ya kai akuyarmu kasuwar Birnin Kudu ya musanya ta da dawar da ba ta kai mu kwana goma ba. Kaji suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Inna ta shiga jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, tana sauya mata ruwa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, bai kuwa taɓa fita duka ba. Ni aikina da sassafe in bi gonakin da suka ƙone in kamo fara kafin rana ta ba su ƙarfin tashi, Inna ta soya a busasshen kasko. Guga kuwa in ka zura shi rijiya rabi ruwa rabi laka yake dawowa.

Abu ɗaya ya rage mana, damin iri. Zangarniyoyin gero ne da Baba ya zaɓa da hannunsa, suna rataye a jinkar ɗakin Inna inda hayaƙi ke kore musu ƙwari. A kan damin nan ne na fara jin iyayena suna sa-in-sa. Maƙwabcinmu Malam Sambo ya kwashe iyalinsa ya nufi ƙasar Gwaram, gida biyu suka bi shi. Inna tana da wa a can ƙasar Gwaram ɗin, a Farin Dutse, mai gona a fadama.

Ta ce, "Malam, mu sussuke irin nan mu yi guzuri mu tafi wurin Yaya tun ƙafafunmu na iya ɗaukarmu. Dubi yarinyar nan, wuyanta ya fara fitowa."

Baba ya ce, "Hanyar nan ba aminci, kin sani, mahara na saukowa daga duwatsu. In muka cinye iri kuma ruwa ya dawo, me zan zuba a ƙasa? Shamuwa ta ƙyanƙyashe uku, tana ciyar da su. Ba ta yin haka a shekarar da babu."

"In ta fara yar da su fa?"

"Ranar da ta yar da ɗaya, ranar za mu ɗaura kaya. Na yi miki alkawari, ga Uwata nan shaida."

Bayan kwana biyar da wannan magana, da rana tsaka, Baba yana gona, Inna ta tafi rijiya, ni ina inuwar tsamiya ina jiran Asabe da ke barci a tabarma. Na ji motsi a sama na ɗaga kai. Da idona na ga uwar ta kama ƙaramin cikinsu a wuya, ta ɗaga shi, ta miƙa shi bayan sheƙa, ta sake. Ya faɗo yana bugun rassa, ya dira a kan tarin karan da muke ajiyewa don wuta. Ko ganye ba ya motsi a ranar.

Na san abin da na gani, na kuma san abin da ya kamata in yi. Amma na je na duba shi. Mummunan abu ne, Allah ya sani, kai kamar ƙwallon goruba, baki ya fi ƙarfin wuya, gashi toka-toka duk ya cukurkuɗe. Yana kwance a gefe guda yana buɗe baki ba sauti, ƙirjinsa na harbawa. Can sama shirwa ta riga ta fara shawagi. Na sa hannu na ɗauke shi, na ji ɗuminsa a tafina, ya lafe kamar ya san ni. Daga nan zancen ya lalace.

Da Baba ya dawo ya same ni ina ɗiga masa ruwa a baki da auduga. Ya tsaya tsaye, fartanya a kafaɗa, bai ko zauna ba.

"Uwata, iska ce ko uwa?"

Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa, ludayi a hannunta. Na san in na ce uwa, za a mayar da shi kan karan a bar wa shirwa, gobe kuma mu bar gida da tsamiya da duk abin da na sani a duniya. Ban yi tunanin Asabe ba. Wannan ita ce gaskiya, ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba.

Na ce, "Guguwa ce, Baba. Ta biyo ta bayan rumbu ta girgiza reshen."

Guguwa ba ta yi wuya a kwanakin ba, kullum sai ta ratsa gonaki. Baba ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdulillahi. To amana ce, ki riƙe shi da kyau." Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta koma ɗaki.

Na sa shi a akurkin kajinmu da ya zama kango, na shimfiɗa masa tsumma. Cin tsiya gare shi. Fara, ƙadangare, tsutsa, duk abin da na kawo sai ya haɗiye ya sake buɗe baki. Farar da nake kamowa ta zama ta mutum huɗu da tsuntsu ɗaya. In Inna ta yi tsaki, Baba ya ture rabonsa ya ce, "Ba shi daga nawa." Asabe kuwa ta samu abin wasa. Ta ce kaza ce, kowa ya bi ta da kaza. Takan tsuguna a bakin akurki ta miƙa masa tsinke, in ya kai sara ta ƙyalƙyale da dariya har ta faɗi zaune. Ita ce dariyar da ta rage a gidan.

Kwana huɗu bayan haka, ina shara da safe, na tarar da na biyu a gindin tsamiya, ya riga ya sandare, tururuwa sun rufe masa ido. Na waiga, ba kowa. Na naɗe shi a ganye na tona juji na binne, na tattake wurin da ƙafa. Da Baba ya ce in hau rumbu in leƙo, na hau, na ga ɗaya tak yana lilo da kai, uwar na tsaye a gefe ba ta ko kallonsa. Na sauko na ce, "Biyu suna nan, Baba, sun yi ɓul-ɓul." Ƙaryar farko ce ta yi mini nauyi, ta biyu da kanta ta fito.

Sai aka yi ruwa, ba mai yawa ba. Ya sauko da hantsi, muka fita muka tsaya a cikinsa da baki buɗe, Inna ta jera duk tukwanen gidan. Kafin azahar ya ɗauke. Baba ya je gona ya tona ƙasa da hannu, ya tarar danshi ya kai tsawon yatsa. Ya dawo ya shiga ɗakin Inna ya sauko da damin iri. Inna ta riƙe ɗaya gefen damin da hannu biyu.

"Malam, don girman Allah. Wannan ba ruwan shuka ba ne, kai ma ka sani. Ƙafafun yarinyar nan sun fara kumbura."

"Na sani ba shi da yawa. Amma tsuntsuwar nan tana riƙe da 'ya'yanta, wani ruwan na tafe a bayansa." Ya juyo wajena. "Uwata, faɗa wa innarki abin da kika gani."

Da na buɗe baki a lokacin, da damin nan ya zama gumba a cikin ƙwarya, da washegari muna kan hanya. Na dubi fuskar Baba, mutumin da bai taɓa shakkar maganata ba. Na tuna ba ƙarya ɗaya zan amsa ba, biyu ce, har da gawa a juji. Na sunkuyar da kai na ce, "Suna nan."

Inna ta saki damin.

Mu uku muka shuka shi. Baba a gaba yana sara da sungumi, ni da Inna a baya muna zuba ƙwaya muna rufewa da diddige, Asabe goye a bayan Inna kanta na lilo. Kowane rami na zuba wa iri na san abin da nake binnewa. Yini ɗaya da rabi muka gama, Inna ta kaɗe ƙwaryar ta kife ta a kanta.

Ya tsiro, don kada in yi masa ƙarya. Ya fito siriri kamar allura, ya yi kwana shida yana jiran sama, sama ba ta dube shi ba. Rana ta bakwai ya kwanta.

Abin da ya biyo baya ba na son tsawaita shi. Muka ci ganyen da ko akuya ba ta ci. Muka tona gidan tururuwa muka kwashe ɗan abin da suka tara. Gashin Asabe ya yi ja ya fara zuba, cikinta ya yi tulu, ta daina zuwa bakin akurki. In na kawo mata tsuntsun kusa sai ta bi shi da ido kawai. Shi kuwa ɗan banzan sai girma yake. Ya yi baƙin gashi mai sheƙi, cikinsa ya yi fari, ya fara taku a tsakar gida yana kama ƙadangarunsa da kansa. A duk ƙauyen shi kaɗai ne ya yi ƙiba.

Wata safiya Baba ya fito ya tsaya a gindin tsamiya ya kasa kunne. Ba motsi a sheƙa, ba ƙarar baki. Bai ce in hau rumbu ba, don ko makaho ya san sheƙar ta zama kango. Ya ce, "Ta tafi da damina a tsakiya. Ban taɓa gani ba." Kwana biyu bayan haka wani garken shamuwa ya ratsa ta samanmu ya nufi kudu. Nawa yana kan jinkar rumbu, ya buɗe fiffike, ya yi tsalle biyu, ya bi su. Bai ko kewayo gidan sau ɗaya ba.

Muka kama hanyar Farin Dutse hannu wofi. Tafiyar yini biyu ce ga mai ƙarfi, mu muka yi huɗu. Baba ne ya goya Asabe da rawaninsa, don Inna ba ta iya ɗaukar kanta ma. A rana ta uku, wajen la'asar, muka zauna a inuwar wata kuka, ya kwance ta don a ba ta ruwa, sai ya tarar ta riga ta tafi. Bai san lokacin ba, yana ta tafiya yana yi mata magana. Mutanen wani ƙauye da ban san sunansa ba har yau suka taimaka aka rufe ta a gefen hanya. Inna ba ta yi kuka ba sai da ta ga an ɗora ƙaya a kan kabarin saboda kuraye.

Kawu ya karɓe mu hannu biyu. Su ma ba a wadace suke ba, amma fadama ta ba su abin da za a tafasa. A nan muka tarar da Malam Sambo da iyalinsa cif, har jaririn da suka taho da shi yana rarrafe. Kawu mutumin kirki ne amma bakinsa ba linzami. Ya ce, "Haba Ɗanjuma, da kun taho tun wata guda da ya wuce ai da yarinyar nan tana nan." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne."

Ba mu koma Surko ba. Baba ya samu gona a nan ya ci gaba da noma, amma bai sake duban shamuwa ba. Labarinsa ya riga shi isowa, mutane sukan zo da farkon damina su ce, "Malam, a shuka ko a dakata?" Sai ya ce, "Ku tambayi wani. Ni na duba wa gidana, na binne 'yata a hanya." Bai taɓa zargin tsuntsuwar ba, bai taɓa zargina ba. Cewa yake shi ne bai iya karatun ba, abin da ubansa ya bar masa shi ya lalata.

Na so in gaya masa. Na shirya maganar ranar da za a kai ni ɗakin miji, na fasa don kada in ɓata biki. Na shirya ta da na haifi ɗana na fari, na fasa. Da Inna ta rasu na ce bari ya huce tukuna. Kullum da dalilina, kuma kullum dalilin mai kyau ne. Haka shekara ashirin da wani abu ta wuce, idonsa ya rufe gaba ɗaya, ni nake kai masa fura in zauna yana ba ni labarin mutanen da.

Ciwon ajalinsa da kaka ya same shi, ana tsakiyar yankan gero. Ranar da zai cika, da hantsi, ya ce kowa ya fita a bar shi da ni. Ya laluba ya kama wuyan hannuna, hannunsa ba nauyi kamar kara.

Ya ce, "Uwata, akwai hakkinki a kaina. Innarki ta roƙe ni mu tafi, na yi taurin kai, na raba ki da 'yar'uwarki. Da tana nan da ba ke kaɗai ba ce a duniya. Innarki ta yafe mini kafin ta rasu. Saura ke."

Maganar tana bakina, na ji ɗacinta a harshe. Ɗakin ba kowa, sai ni da shi da Allah. Ina so in ce tausayinsa ne ya hana ni, don kada ya tafi da baƙin ciki sabo. Na sha gaya wa kaina haka, amma ba shi ba ne. Tsoro na ji kada ya sake mini hannu.

Ya ce, "Kin yi shiru, Uwata."

Na ce, "Na yafe maka, Baba."

Ya ce alhamdulillahi, fuskarsa ta saki. Kafin azahar aka yi masa wanka.